Marigayi Dokta Mamman Shata da shagunan da suka adana muryarsa

Duk wanda ya yi fatauci tsakanin Kano da bakin teku a shekarun 1970 da 1980 ya san cewa da wuya mutum ya ratsa Zangon Lome, ko kasuwar Aflao, ko Sinkasi, bai ji kalangun Shata na tashi daga shagon mai sayar da kaset ba. A wannan mako za mu waiwayi rayuwar wannan shahararren mawaƙi, da kuma halin da waƙoƙinsa suke ciki tun da waɗannan shaguna suka fara rufewa.

An haifi Alhaji Mamman Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, wanda bai so ɗansa ya shiga harkar waƙa ba, domin a ganinsa roƙo ce, kuma ba gadon gidansu ba ce. Kafin ya yi suna, Shata ɗan'uwanmu ne ɗan kasuwa, don kuwa ya yi tallar goro da alewa, yana rera waƙa a dandali ba don kuɗi ba. Daga baya ya rungumi waƙa a matsayin sana'a, ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano. Bikin 'ya'yan sarki da aka yi a Kano a 1952 na daga cikin abubuwan da suka fito da shi a idon duniya.

Shata ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da manoma waƙa, ya yi ta noma da ta siyasa, har da ta kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969. Bakandamiyarsa kuwa ba ta buƙatar gabatarwa. Ya zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawa ke zaune, ya je har Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dokta a 1988, gwamnatin Nijeriya kuma ta ba shi lambar girma ta MON. Allah ya yi masa rasuwa a Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Abin lura a nan shi ne, Shata ba ya rubuta waƙa. Nan take yake ƙirƙirarta a gaban jama'a, 'yan amshi su karɓa, makaɗa su bi shi, ta yadda shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Saboda haka duk waƙar da ba a ɗauka a faifai ko kaset ba, ta tafi ke nan. Wasu kamfanin EMI ya buga su a faifan garmaho, wasu gidan Rediyon Kaduna ya ɗauka, wasu kuma a wurin biki aka naɗe su da rikoda. Masu shagunan kaset su ne suka tattara waɗannan duka, suka yaɗa su daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano zuwa zango-zango.

Mu a Lome mun san darajar wannan. Lokacin da aka rushe tsohon Zango na tsakiyar gari a 1977, aka mayar da jama'a can arewacin birnin, kaset na cikin abubuwan da suka riƙe wa mutane zumuncinsu da gida. Mai shago ya san wace waƙa ce ta wane, da dalilin yin ta, yakan kuma ware wa mai saye cikakkiya daga guntuwa. Gaskiya ne yawancin kaset ɗin kwafi ne, kuma ba ta nan mawaƙi ke samun abincinsa ba, sai ta kyautar iyayen gida. Duk da haka, ba don su ba da waƙoƙi da yawa sun salwanta.

Yau faifan CD ya kori kaset, shi ma memori da wayar hannu sun kore shi. Masu shaguna da dama sun koma sayar da caja da kayan waya, masu tura waƙa a waya suka maye gurbinsu. An sami sauƙi, amma sau da yawa waƙar takan zo a gutsure, ba suna, ba tarihi. Su kuma tsofaffin kaset suna jibge a kwali, zafi da raɓar teku na cin su, magada na zubar da su ba tare da sanin abin da ke ciki ba.

Masana irin su Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, waɗanda suka fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006, sun yi nasu ƙoƙari. Saura mu 'yan kasuwa. Wanda ke da tsohon faifai ko kaset, ya adana shi a wuri busasshe, ya sa a juye shi a kwamfuta da sunan waƙa a rubuce, kuma kada ya yar da na asalin. Inda kuma muka ga dattijo na riƙe da shagonsa har yanzu, mu saya a wurinsa, mu tambaye shi tarihin abin da muka saya tun yana raye.

Allah ya jiƙan Dokta Mamman Shata, ya gafarta masa kurakuransa, amin.