Tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abin da Ya Fara Koya wa Jama'a

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imar Musulunci, muna salati da sallama ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda sunka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wagga 'yar takarda ce zuwa ga 'yan'uwa almajiran ɗariƙar Kadiriyya na Tozai da Isa da Sabon Birni da ƙauyukan da ke kewaye da su. Mun tara a cikinta labarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah shi yarda da shi, a taƙaice. Mutane da yawa sun san labarin yaƙoƙinsa da karamominsa, amma kaɗan ne sunka riƙe abin da ya shekara talatin shina koyarwa tun ba a zare takobi ba. Shi munka nufa a nan, domin almajiri shi san inda tafarki ya soma.

Fasali cikin haihuwarsa da karatunsa

Ka sani, ya ɗan'uwa, an haifi Shehu a Maratta cikin ƙasar Gobir, a ƙarshen watan Safar, shekara ta 1168 ta hijira, wadda ta yi daidai da 1754. Sunan ubansa Muhammadu, ana ce masa Fodiyo, ma'anarsa malami a harshen Fulatanci. Sunan uwarsa Hauwa'u. Asalinsu Toronkawa ne, gidan karatu kaka da kakanni. Tun shina yaro iyayensa sunka koma Degel, can ya tashi, can ya sauke Alƙur'ani a hannun ubansa.

Daga nan ya bi malamai. Ya karanta nahawu wurin Abdurrahmani ɗan Hammada. Ya lizimci Usmanu Binduri wajen shekara biyu, ya ɗauki halinsa na tsoron Allah da horo da alheri da hani ga mummuna. Ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru wajen shekara guda har birnin Agadas. Da Malam Jibrilu ya yi haramar hajji, Shehu ya komo gida, domin ubansa bai yi masa izinin tafiya ba. Dubi wanga ladabi, ya muridi. Ya karanta tafsiri a Zamfara, ya karanta Sahihul Buhari wurin Muhammadu ɗan Raji. Mazhabarsa Malikiyya ce, aƙidarsa ta Ash'ariyya, ɗariƙarsa Kadiriyya.

Fasali cikin fara wa'azinsa

Shekara ta 1188, wato 1774, Shehu ya fara kiran mutane zuwa ga Allah a Degel, shina da shekara ashirin. Ya tafi Kabi, ya komo. Ya shiga Zamfara ya yi wajen shekara biyar shina wa'azi, ƙanensa Abdullahi na tare da shi. Musulunci ya daɗe a ƙasar Hausa tun kafin a haife shi, ga masallatai, ga malamai. Sai dai jahilci ya yi yawa. Wani shina salla bai iya alwala ba. Wani shina azumi, shina kuwa yanka wa dutse ko itace. Wani shina zuwa wurin mai duba cikin ƙasa shi faɗa masa gaibu. Ana hana mata gado, ana tauye mudu a kasuwa.

Ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta majalisinsa cikin littafin Infakul Maisuri. Idan za shi fita ga jama'a shi kan tsaya kaɗan cikin gida shi sabunta niyya, shi roƙi Allah ihlasi. Shi kan gai da mutane da sakin fuska. Ba shi ƙosawa da mai tambaya, ba shi kunyata wanda bai sani ba. Shi kan yi wa mutane bayani da harshen da su ke ji, Fulatanci ko Hausa. Littattafansa da Larabci ya wallafa su domin almajirai, waƙoƙin wa'azi kuwa ya yi su da Fulatanci domin makiyayi da matar gida su hardace.

Fasali cikin jerin abin da shi ke koyarwa

Wanga fasali shi ne cibiyar takarda, sai ka natsu. Shehu ba shi fara wa mutum da komi sai sanin Allah. Shi kan koyar cewa duniya duk fararriya ce, Allah ne ya yi ta. Shi samamme ne, ba shi da farko, ba shi da ƙarshe, bai yi kama da halitta ba, ba shi bukatar kowa, shi ɗaya ne cikin zatinsa da sifofinsa da ayyukansa. Mai iko ne, mai nufi, masani, rayayye, mai ji, mai gani, mai zance. Wanda ya tabbatar da wannan a zuciya, ya san dutse da itace da boka ba su amfanar da kowa, ba su cutar da kowa.

Sa'an nan shi koma ga manzanni: masu gaskiya ne, masu amana, sun isar da abin da anka aiko su da shi, kuma mutane ne, suna ci, suna sha, suna aure, suna rashin lafiya. Cikamakinsu Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata gare shi. Sa'an nan abubuwan da ba a sanin su sai ta ji daga manzanni: mala'iku, da littattafan da anka saukar, da tambayar kabari, da tashin ƙiyama, da hisabi, da mizani, da siraɗi, da ceton Annabi, da wuta da aljanna. Da ƙaddara, alherinta da sharrinta duk daga Allah su ke.

Idan imani ya zauna, sai shi shiga ayyukan gaɓoɓi, shi fara da tsarki. Wane ruwa ne ke tsarkakewa, yaya a ke kama ruwa, yaya a ke wankan janaba, yaushe a ke taimama. Farillan alwala a mazhabar Maliku bakwai ne: niyya, da wanke fuska, da wanke hannuwa har gwiwar hannu, da shafar kai, da wanke ƙafafu har idon sawu, da cuɗawa, da jerantawa ba tare da dogon jinkiri ba. Daga nan sai salloli biyar da lokutansu da farillansu da natsuwa cikinsu, da ƙabli da ba'adi, da ramuwar abin da ya kuɓuce. Sai azumin Ramalana da abin da ke karya shi.

Sai zakka, wadda manoma da makiyaya sunka fi kowa bukatar saninta. Gero da dawa idan sun kai sa'i 300, ana fitar da ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga abin da anka sha wahalar ban ruwansa. Awaki da tumaki idan sun kai 40 ana fitar da guda. Shanu idan sun kai 30 ana fitar da ɗan maraƙi. Raƙuma 5 akwai akuya ko tunkiya guda a kansu. Sai hajji ga wanda ya sami iko. Waɗannan huɗu tare da kalmar shahada su ne shika-shikan Musulunci biyar. Bayansu shi kan karantar da hukuncin yanka da rantsuwa da aure da ciniki, domin kada mutum shi ci haram bai sani ba.

A ƙarshe shi kan zo ga gyaran zuciya, shi ne tasawwufi. Shi lissafa masu halakarwa: jiji da kai, da girman kai, da hassada, da riya, da fushin banza, da rowa, da dogon buri, da munana zato ga Musulmi. Shi lissafa masu tsirarwa: tuba, da gudun duniya, da tawakkali, da yarda da hukuncin Allah, da ihlasi, da tsoro tare da kauna. Haka ya jera su cikin littattafansa, kamar Usulud Dini da Ulumul Mu'amala. Ya wallafa Ihya'us Sunna a 1793, shina bin babi babi shina bayyana sunna da bidi'ar da ta shiga cikin kowane.

Fasali cikin waɗanda ya yi wa raddi

A zamaninsa akwai waɗansu ɗalibai da sunka karanta ilmin kalami, sunka dinga tare talakawa da tambayoyi masu wuya. Wanda ya kasa kawo hujja irin ta littafi sai su ce kafiri ne, ba a cin yankansa, ba a aure da shi. Shehu ya tashi tsaye a kansu, ya wallafa littattafai da yawa, daga ciki akwai Hisnul Afhami. Ya bayyana cewa wanda ya furta shahada, ya yi aikin Musulunci, ba a ga shirka gare shi ba, Musulmi ne, ba a tone zuciyarsa. Har malaminsa Jibrilu, da ya kafirta masu manyan zunubai, Shehu ya saɓa masa, ya ce mai saɓo fasiƙi ne, bai fita addini ba. Duk da haka bai daina girmama shi da yaba masa ba.

Akwai kuma masu zarginsa don mata na halartar wa'azinsa. A tafiyar Zamfara wani malami mutumin Barno, Mustafa Gwani, ya aiko da waƙa shina neman a hana su. Shehu ya umurci Abdullahi ya amsa, cewa barin mata cikin jahilcin farillansu ya fi muni. Shi kan ware musu wurin zama daban da maza. Cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da almajirai safe da yamma, su bar matansu da ɗiyansu ba su san alwala ba. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta ɗauki wanga aiki, ta tsayar da 'yan taru da jajojinsu suna kai karatu ga matan ƙauye.

Fasali cikin ɗariƙarsa

Shehu Bakadire ne, har jama'arsa anka san su da sunan Kadirawa. Shina da wuridi da halwa da yawan salati, shina da tsananin begen Annabi. An ruwaito ba shi tara tufafi, kuma shi kan tuƙa igiya shi ci daga guminsa. Shi da kansa ya ba da labarin cewa da ya kai shekara arba'in da 'yan watanni, wajen 1794, ya ga Annabi tare da Shehu Abdulkadir Jilani, anka rataya masa takobin gaskiya. Ka lura da lissafi, ya muridi: wagga baiwa ta zo ne bayan ya shekara ashirin shina koya wa mutane tsarki da salla.

Fasali cikin sarakunan Gobir da hijira da wafatinsa

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar salla, ya raba musu dukiya. Shehu bai karɓa ba, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi shi kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana mai son amsawa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Bayansa Sarki Nafata ya sa doka, ya hana kowa wa'azi sai Shehu, ya hana ɗa barin addinin ubansa, ya hana rawani da lulluɓi. A zamanin Yunfa abu ya tsananta, anka auka wa jama'ar Abdussalami a Gimbana.

Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin Zulƙida 1218, wato Fabrairu 1804, jama'a sunka yi masa mubaya'a. Anka yi Tafkin Kwatto cikin wagga shekara. Anka yi Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, inda mahardata Alƙur'ani wajen 200 sunka yi shahada. Anka ci Alƙalawa a 1808, kufanta na nan cikin ƙasar Sabon Birni. Jikokin waɗanda sunka gwabza a wancan zamani yau sahu ɗaya su ke tsayuwa, godiya ta tabbata ga Allah.

Da ƙasa ta samu, Shehu bai zauna gadon mulki ba. Ya danƙa yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello, shi kuwa ya zauna Sifawa shina karantarwa da wallafa. Ya koma Sakkwato a 1815. Allah ya karɓi ransa cikin Jimada Ahir 1232, wato Afrilu 1817. Hubbarensa na Sakkwato ana ziyararsa.

Nasiha

To, ya ɗan'uwa, idan kana son Shehu, ka bi jerin da ya bi. Ka gyara imaninka, ka kai alwalarka da sallarka gaban malami shi duba maka, kada kunya ta hana ka ko da ka yi furfura. Ka auna hatsinka ranar sussuka ka fitar da hakkin Allah. Ka karantar da iyalinka, ko ka bar su su tafi inda a ke karantarwa. Ka kame harshenka ga barin kafirta mai salla. Wuridi nafila ne, ba a gina shi sai bisa farilla, mai bashin salla kuwa shi fara da biya. Sa'an nan ka riƙe wuridinka da izinin shehinka, ka tsare zuciyarka daga riya.

Allah shi jiƙan Shehu da Abdullahi da Bello da Asma'u da malamanmu da iyayenmu. Allah shi saukar da aminci ga ƙasar Gobir da Zamfara da sauran ƙasashen Musulmi, shi cika mu da imani. Takarda ta ƙare da godiyar Allah da salati ga Manzonsa. Amin.