Tiyodor Hardi, Tsohon Malamin da Ya Ƙi Barin Sojojinsa

Ya mai karatu, ko a garinku akwai dattijon da ake cewa ya gama aikinsa, saura ya zauna a inuwa? Ko kuwa kai ne? To, ka saurari labarin wani malamin makaranta na ƙasar Ingila, sunansa Tiyodor Hardi. An sha gaya masa ya tsufa, amma aikin da duniya ta san shi da shi bai soma ba sai da ya wuce shekara 50.

An haife shi a garin Exeter ran 20 ga Oktoba 1863. Ya yi karatu a Landan, ya zama malami. Daga 1891 zuwa 1907 yana koyar da yara a wata babbar makaranta a Nottingham, yana cikin wannan aiki kuma aka keɓe shi domin hidimar ikkilisiya a 1898. Daga nan ya shugabanci makarantar Bentham shekara 6. A 1913 ya ajiye alli, ya zama faston wani ɗan ƙauye cikin duwatsu, ana ce da shi Hutton Roof. Da shekara ta kewayo matarsa Florence ta rasu, ta bar shi da ɗa da ɗiya, dukansu sun girma.

A wannan shekara ta 1914 babban yaƙi ya tashi, wanda har daga ƙasashenmu Faransa ta kwashi samari zuwa cikinsa. Hardi ya ga matasa suna tafiya, sa'o'in waɗanda ya koya wa karatu. Ya roƙa a ɗauke shi faston sojoji, aka ce ya tsufa. Ya sāke roƙo, aka sāke hana shi. Bai yi fushi ba, sai ya tafi ya koyi ɗaure rauni da ɗaukar masu ciwo, ko a karɓe shi ta wannan ƙofa. Sai a 1916, da bukata ta yi yawa, aka ɗauke shi, yana da shekara 52.

Da fari aka ajiye shi a sansanin Étaples, bakin teku, nesa da wuta. Can ya gamu da wani fasto, Studdert Kennedy, wanda ya ba shi shawara ya zauna tare da sojoji, ya bi su duk inda suka shiga, ya riƙa yi musu addu'a kullum. Hardi ya nemi a tura shi gaba, aka haɗa shi da bataliya ta 8 ta rundunar Lincolnshire.

Ka san yadda aka yi yaƙin nan? Sojoji suna kwance cikin dogayen ramuka, ruwa da taɓo har gwiwa, abokan gāba kuma cikin nasu ramuka kusa ƙwarai. Wanda ya ɗaga kai, harsashi ya same shi. In dare ya yi, sai tsohon nan ya bi ramuka ɗaya ɗaya, ba bindiga a hannunsa, ya zauna da masu tsaro, ya miƙa musu alewa da taba. Zancen taba, mu kam ba mu yaba shi ba. Amma ka duba inda ya kai ta. Yaron da yake rawar jiki da tsoro ba ya jin wa'azin wanda ya kwana cikin ɗaki mai ɗumi. Wanda ya sha sanyi tare da shi, shi yake saurara wa.

A 1917, kusa da Ypres a ƙasar Beljiyam, waɗansu sojoji suka maƙale cikin taɓo tsakanin rundunonin biyu. Hardi ya bi masu ceto, ga hannunsa na hagu a ɗaure, gama ya karye a wuyan hannu. Aka fid da su duka sai mutum ɗaya. Ya tara mutane domin wannan ɗaya, ya kwana wurin ana harbinsu, har aka kashe ɗaya daga cikin masu taimakon. Aka ba shi lambar girma saboda wannan, kafin shekara ta ƙare aka ƙara masa ta biyu.

A watan Afrilu 1918, wajen Bucquoy a Faransa, ya tarar da wani hafsa kwance da mugun rauni, wajen mita 360 gaba da ramukansu. Ya zauna tare da shi ana ta harbi, har aka sami masu ɗaukarsa. Wata rana bom ya binne mutane biyu, ya yi ta tono, ga wani bango yana shirin faɗo masa, ya fid da ɗaya da rai, ɗayan ya riga ya cika. Wata rana kuma sojoji suka janye daga wani kurmi, ana tsammani ba kowa ciki, sai ga shi ya fito yana neman taimako. Shi da wani saje suka koma suka jawo wani mai rauni wanda yake kwance kamar taki goma daga maɓoyar Jamusawa.

Ran 9 ga Agusta 1918 Sarki Joji na Biyar da kansa ya maƙala masa Gicciyen Biktoriya, lambar jaruntaka mafi girma ta Ingila. Ɗiyarsa Alisabatu, mai aikin jiyya, tana tsaye tana kallo. Aka naɗa shi cikin fastocin sarki, aka kuma yi masa tayin wata ikkilisiya a gida, domin a raba shi da wuta. Ya ƙi. Makiyayin da Yesu ya kwatanta cikin Yohanna sura 10 ba ya barin garke ran da kerkeci ya zo, Hardi kuwa ya daɗe yana karanta wa mutane wannan sura.

A watan Oktoba, sa'ad da sojojinsa suke haye kogin Selle, harsashi ya same shi a cinya. Aka kai shi asibiti a Rouen. Can ya rasu ran 18 ga Oktoba 1918, saura kwana 2 ya cika shekara 55, saura kwana 24 kuma a tsai da yaƙi. Aka binne shi a makabartar St Sever a Rouen, cikin layin kaburburan sojoji.