Armand Ruffer: Likitan da Ya Gano Tsargiya a Gawar Shekara Dubu Uku

Ina yaro a Birniwa, duk damina muna wanka a kududdufi, kuma idan yaro ya fara fitsarin jini sai mu yi ta tsokanarsa wai ya zama namiji. Ni ma na yi. Sai da na shigo makarantar nan na san sunanta tsargiya, na kuma ci karo da tarihin Marc Armand Ruffer.

An haife shi a Liyon ta Faransa a 1859. Ya yi karatu a Okusfod da Landan, sannan a Cibiyar Pasteur da ke Paris. Yana tsaka da bincike kan mashaƙo cutar ta kama shi, har jikinsa ya shanye. Jinya ce ta kai shi Masar, can kuma ya zauna. A 1896 ya zama farfesan ƙwayoyin cuta a makarantar likitoci ta Alƙahira. Daga baya ya shugabanci hukumar killace masu cuta, wadda ke duba alhazai a El Tor don tare kwalara.

To, ga abin da ya burge ni. Busassun gawarwakin zamanin Fir'auna sun yi tauri kamar kilishi, ba sa yankuwa. Sai ya haɗa wani ruwa mai sinadari irin na kanwa da ke tausasa su. A 1910 ya sa ƙodar gawa biyu a madubin likita, sai ga ƙwayayen tsutsar tsargiya, masu shekara kusan dubu uku! Wannan ƙofar da ya buɗe ce ta kai masana ga jiƙa busasshen kashin mutanen da, suna gano abin da suka ci da tsutsotsin cikinsu.

Ya mutu a Afrilun 1917, lokacin da jirgin yaƙin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar da jirgin da yake ciki, Arcadian, a hanyarsa ta dawowa daga Salonika.

'Yan'uwa ɗalibai, tsutsar nan tana nan daram a fadamun Haɗeja. A jikin dodon koɗi take girma, ta fatar mai shiga ruwa take shiga. Bambancinmu da mutanen Fir'auna ɗaya ne: mu muna da magani, furazikwantel. In kun je hutu kun ga ƙaninku yana fitsarin jini, don Allah ku bar dariya, ku kai shi asibiti.