Musa Ɗanƙwairo: Murya Tsakanin Fada da Faifai

An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura wajejen 1909. Ya gaji kiɗa daga mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi amshi a ƙarƙashin wansa Abdu Kurna a fadar Maradun, kafin ya ja ragamar ƙungiyar da kansa. Sunansa ya game Arewa bayan da ya zama makaɗin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah. Ya ci gaba da yi wa sarakuna kiɗan kotso har rasuwarsa a 1991.

Dandalinsa shi ne ƙofar fada da zaurukan masu sarauta, inda waƙa ke sauyawa gwargwadon mahalarta: a ƙara ɗiya idan babban baƙo ya iso, a tsawaita zambo idan magabci na kusa. Abin da gidan rediyon Kaduna da kaset-kaset na masoya suka adana rerawa ɗaya ce daga cikin masu yawa. Don haka ya wajaba manazarci ya binciki inda aka naɗi kowane faifai nasa, da waɗanda suka halarci zaman, kafin ya ɗauke shi a matsayin tabbataccen matanin waƙar.