Sora, Mai Zane da Ɗige-Ɗige

Ga tarihin Georges Seurat, wanda Faransawa ke furta sunansa Sora. An haife shi a birnin Paris ran 2 ga Disamba, 1859. Ya shiga makarantar koyon zane a 1878, kana ya yi aikin soja na shekara guda.

Shi dai Sora bai gamsu da yadda masu zane ke dama fenti kafin su shafa ba. Ya karanta binciken Chevreul, masanin kimiyya kuma shugaban marinar wata masaƙa a Paris, wanda ya nuna cewa launi kan canza a ido gwargwadon launin da ke kusa da shi. Sai Sora ya riƙa ɗiga launuka dabam-dabam dab da juna, ya bar wa ido aikin haɗawa. Wanda ya san saƙi ya san wannan: zare baƙi da fari ne, amma daga nesa launi guda ake gani.

A 1884 alƙalan babban nunin zane na Paris suka ƙi karɓar aikinsa. Bai karaya ba. Ya shafe shekara biyu yana zana masu shan iska a tsibirin La Grande Jatte na Kogin Sen. Da aka nuna zanen a 1886, wasu suka yi ta yi masa ba'a. Yanzu yana birnin Shikago a Amurka.

A 1888 ya sake zana wannan kogi, zanen da ke Burasal ta Beljiyam. Akwai itace a gaɓa, da jirgi mai filafilai, da mutum guda yana tuƙa kwalekwale. In ka matso, ba ka ganin kome sai ɗige-ɗige. In ka ja da baya, sai shuɗi da fari da ruwan goro su zama ruwa mai ƙyalli. Watau ba kogin ne kaɗai abin nufi ba, hasken rana ne a kansa.

Sora ya rasu ran 29 ga Maris, 1891, bayan gajeruwar rashin lafiya, yana da shekara 31, bai sayar da zane da yawa ba. Abokinsa Paul Signac ya ci gaba da wannan hanya. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse. Amma Sora bai zauna ya sha romon ba.