Muhammadu Bello

Muhammadu Bello (1781–1837) ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, malami, marubuci, kuma Sarkin Musulmi daga 1817 har rasuwarsa. An fi saninsa da gina birnin Sakkwato a 1809 da kuma littafinsa na tarihin jihadi, Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812.

Farfaɗo da tsarin magabata

Bello ya gaji ƙasa mai faɗi wadda jama'arta suka bambanta: Fulani makiyaya, Hausawa manoma da 'yan kasuwa, Abzinawa, ga kuma Gobirawa da Kabawa da ba su miƙa wuya ba. Abin da ya nemi ya haɗa su da shi shi ne tsarin daulolin Musulunci na farko, kamar yadda ya karanta a littattafai. Ana kiransa Amirul Muminina, yana da waziri, Giɗaɗo ɗan Laima, kuma waƙoƙinsa na Larabci sun bi karin tsofaffin ƙasidu.

Inda wannan ra'ayi ya fi bayyana shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka, irin waɗanda Musulmin farko suka kafa a iyakar Rumawa. Bello ya kafa Wurno a gefen Gulbin Rima, ya mai da ita mazauninsa, aka kuma kafa wasu irinta, ciki har da Shinaka. Mayaƙa na tsaron iyaka, malamai na karantarwa, makiyaya kuma ana jan hankalinsu su zauna su yi noma. Wannan ne ya sauya fasalin gabashin Sakkwato fiye da duk wani yaƙi da ya yi.

Rasuwa da abin da ya bari

Ya ci Gobirawa da Abzinawa a yaƙin Gawakuke a 1836. Ya rasu a Wurno a 1837, kabarinsa na can ana ziyartarsa. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya zauna, a nan Bajamushe Heinrich Barth ya same shi a 1853.

Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, jikan Abubakar Atiku na Rabah ne, ɗan Bello. Da ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya dogara ƙwarai da tarihin wannan daula wajen haɗa kan 'yan Arewa, ko da yake wasu al'ummomin da ba su taɓa shiga ƙarƙashinta ba sun ɗauki abin da ɗari-ɗari.