Wes Montgomery (1923–1968): Mai Walda da Rana, Makaɗin Jita da Dare

Duk wanda ya taɓa shiga sujada a wata majami'a a Masaka ko Mararraba, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, ya san yadda mai jita da mai kibod sukan yi ta gasar ƙara murya har kalmomin waƙa su ɓace. Wannan ne ya sa a wannan fitowa muka ɗauko tarihin wani Baƙar fatar Amurka wanda ya gwanance wajen kaɗa jita kusa da mai ogan ba tare da ɗayansu ya danne ɗan'uwansa ba.

An haifi John Leslie Montgomery, wanda aka fi sani da Wes, ranar 6 ga Maris, 1923, a birnin Indianapolis. Iyayensa sun rabu tun yana ƙarami, ya girma wurin mahaifinsa a Columbus ta jihar Ohio. A can ne wansa Monk ya saya masa wata tsohuwar jita mai tsirkiya huɗu. Bai kama kiɗa gadan-gadan ba sai a 1943, shekarar da ya auri matarsa Serene, bayan ya ji faifan Charlie Christian, gwanin jitar lantarki na wancan zamani. Ya sayi jita mai tsirkiya shida, ya dinga sa faifan yana bin sa daki-daki har ya haddace. Bai shiga makarantar kiɗa ba, bai kuma koyi karanta rubutun kiɗa ba. Kunnensa ne malaminsa.

Da yake da rana yana wurin aiki, sai cikin dare yake samun sukunin koyo. Don kada ya tashi iyalinsa da maƙwabta daga barci, ya ajiye 'yar robar da makaɗa ke karta tsirkiya da ita, ya koma shafa ta da naman babban yatsansa. Abin da ya soma don kunyar maƙwabta shi ya zama tambarinsa, wato murya mai taushi da kauri wadda ba a rikita ta da ta kowa. Ya kuma ƙware wajen kaɗa tsirkiya biyu a tare, amo ɗaya amma ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kamar mace da namiji suna rera waƙa guda.

A 1948 Lionel Hampton ya ɗauke shi cikin babbar ƙungiyarsa ta jaz. Shekara biyu ya yi yana yawo gari-gari, sa'an nan a 1950 ya dawo gida, domin nisa da iyali ya dame shi. Allah ya ba su 'ya'ya bakwai, kuma ciyar da su ba wasa ba ne. Yakan yi aikin walda daga ƙarfe 7 na safe zuwa 3 na rana, ya yi kiɗa a wani wuri mai suna Turf Bar daga 9 na dare zuwa 2, ya zarce Missile Room har kusan asuba. An shaide shi da cewa ba ya shan giya ko ƙwaya, a cikin sana'ar da waɗannan abubuwa suka hallaka gwanaye da yawa.

A Missile Room ɗin ne ya riƙa kiɗa da Melvin Rhyne, wani matashi mai kaɗa ogan ƙirar Hammond. Wannan na'ura ta fito kasuwa a 1935, kuma ikilisiyoyin da ba su da kuɗin babban ogan mai bututu su suka fara rungumarta. Daga majami'un Baƙar fata ta shiga kiɗan jaz, ta tafi da muryar sujada a jikinta. Mai kaɗa ta yakan riƙe amon ƙasa da hannun hagu da ƙafafu, ya bi waƙa da hannun dama, saboda haka mutum uku kawai, mai ogan da mai jita da mai ganga, sun isa su cika ɗaki. Sai dai akwai wuya a ciki. Muryar ogan ba ta yankewa muddin yatsa na kanta, ta jita kuwa da an kaɗa take soma dushewa, ga shi dukansu biyu suna iya fitar da amo da yawa a lokaci guda. In kowa ya cika hannunsa, sai kiɗan ya dagule. Wes da Rhyne sun gane haka. In ɗaya ya ɗauki waƙa, ɗayan yakan rage hannu ya tallafa masa daga ƙasa, su riƙa miƙa wa juna kamar mai ba da waƙa da 'yan amshi.

A 1959 Cannonball Adderley, shahararren mai busa, ya ji shi a wurin, ya kai labarinsa ga Orrin Keepnews na kamfanin Riverside. A watan Oktoba na shekarar aka naɗi faifan The Wes Montgomery Trio a New York tare da Rhyne. Yana da shekara 36 a lokacin. A 1960 faifan The Incredible Jazz Guitar ya fito da sunansa a duniya, a 1963 kuma ya sake komawa ga Rhyne suka yi Boss Guitar. A 1966 ya haɗu da Jimmy Smith, wanda ya fi kowa suna a kan ogan, suka yi The Dynamic Duo. Smith mai zafin hannu ne, Wes mai sanyi, kuma kowannensu ya bar wa ɗayan fili.

Bayan Riverside ya durƙushe, ya koma Verve a 1964, daga baya A&M, inda aka sa shi kaɗa waƙoƙin da jama'a ke yayi. Faifan Goin' Out of My Head ya ci kyautar Grammy. Masu sharhi sun zarge shi da sayar da baiwarsa, amma a lokacin ne uban 'ya'ya bakwai ya fara samun abin da zai wadaci gidansa. Bai daɗe yana cin moriyar ba. Ranar 15 ga Yuni, 1968, ciwon zuciya ya ɗauke shi a gidansa a Indianapolis, yana da shekara 45. Birnin ya sa wa wani filin shaƙatawa sunansa.

Matasanmu masu riƙe da kayan kiɗa a ikilisiya suna da abin koyo a nan. Mutumin da duniya ta sara wa ya sami muryarsa ne garin rage ƙara saboda maƙwabci, ya kuma yi fice domin ya iya sauraron abokin kiɗinsa. Kada kuma mu manta da shekarun da ya yi yana gajeren barci. Ya kamata dattawan ikilisiya su riƙa tambayar yadda makaɗansu ke ci da iyalinsu, tun suna da rai da lafiya.